Ƙofar Ɗakin Auta

Rana ta riga ta yi ja, inuwar katanga ta cinye tsakar gida, lokacin da Baban Auta ya sauko da akwatin kayan aikinsa daga saman kabad. Matarsa tana kicin ta ji ƙarafa suna gogar juna, ta san yau kuma wani abu a gidan nan zai sha kwancewa. Mutumin ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran keken ɗinki, har idanunsa suka daina ganin kafar allura ya bar shago, amma hannunsa bai yarda ya yi ritaya ba. Famfo in ya ɗiga sau ɗaya sai ya kwance shi. Fanka in ta yi ƙara ta shiga uku. Maƙwabta har tsokanarsa suke yi, wai kada ka kuskura ka yi tari a gabansa, sai ya ɗauko maka sukuddireba.

Abu ɗaya ne ya tsone masa ido tun da suka tare a gidan, wato ƙofar ɗakin Auta, 'yarsu ta ƙarshe, budurwa mai karatu, wadda ita kaɗai ta rage a gabansu. Ɗakin yana can ƙarshen wani siririn lungu da ya taso daga falo, taga ɗaya gare shi, da ƙarafa a gicciye. Ƙofar ta katako ce mai nauyi, ciki take buɗewa, amma ba ta taɓa kamawa ba. Hannunta ya langaɓe yana kallon ƙasa, harshen ƙarfen nan da ya kamata ya fito ya shiga ramin firam ya maƙale a ciki. In ka ja ta ta rufu, kafin ka juya baya ta sake buɗe kanta kamar faɗin tafin hannu. Auta ta saba, takalmi take tokare ta da shi in za ta sa kaya. Ubanta ne ya kasa sabawa.

Ya durƙusa ya kwance hannun waje da na ciki, ya zare 'yar sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu da ke haɗa su, sannan ya jawo gidan harshen gaba ɗaya daga gefen ƙofa ya kai shi kusa da ido. Sifirin da ke tura harshe babu shi. Ba karyewa ya yi ba, don da an ga guntunsa, cire shi aka yi da gangan. Ya leƙa ramin firam, ya tarar an cusa masa tsumma an danne da kakin kyandir har ya shafe. Ya sa bakin sukuddireba ya yi ta tono yana tsaki.

"Maman Auta, zo ki ga aikin malalata. Maimakon su gyara, sai suka toshe."

Ta leƙo da ludayi a hannu, ta dubi baƙin tsumman a ƙasa, ba ta yi dariya ba. "Ruwa dai ba ya tsami banza. Wanda ya zauna ya narka kyandir don ƙofa ba malalaci ba ne."

"To masani ne? Ki koma wurin tukunyarki, ki bar wa masu aiki aikinsu."

A cikin tarkacen tsofaffin kekunan ɗinki ya samo sifirin da ya zauna daram. Ya goge tsatsa, ya ɗiga mai, harshen ya fara shiga da fita ƙarƙashin babban yatsansa, zuciyarsa ta yi fari. A nan ne ya hangi wata siririyar tsaga a jikin ƙarfen da sandar ke shiga, wanda shi ne ke jan harshe baya in an danna hannu. Ya karkata shi wajen haske ya duba, ya ce a ransa zai riƙe. Ya mayar da komai, ya kira Auta ta shiga ciki ta danne masa hannun ciki yayin da yake ɗaure notuna ta waje, don aiki ne na mutum biyu, kuma tun tana ƙarama ita ce mai riƙe masa abu in yana ɗauri.

Sai ladan ya ɗaga murya daga masallacin unguwa.

"Baban Auta, magariba ta yi," in ji matarsa daga kicin. "Ka bar shi haka sai da safe."

"Noti ɗaya ya rage."

Duk wanda ya taɓa gyaran ƙofa ya san ba a gwada harshe da ƙofa a rufe. A buɗe ake barinta, a danna hannu a saki, a danna a saki, har a tabbata yana ja yana komawa, sannan a rufe. Shi kansa ya san haka fiye da kowa, mutumin da bai taɓa sa ƙyalle ƙarƙashin allura ba sai ya juya keke da hannu ya saurara. Amma kiran salla yana tafiya, kuma kunnensa ya daɗe yana ƙishin jin ƙofar nan ta kama. Ya ce, "Bismillahi," ya jawo ta, Auta tana ciki.

Ƙas. Ta kama, kamawa mai daɗin ji.

Ya danna hannun zai buɗe. Wani abu ya ce tas a cikin katakon, ƙara ƙarama kamar an karya tsinken ashana, hannun ya tafi ƙasa babu nauyi, ya tsaya a can.

Auta ta yi dariya daga ciki. "Baba, ka kulle ni."

"Yanzun nan zan buɗe ki. Danna naki mu gani."

Ta danna, shi ma ya tafi a banza. Ya sake kwance hannun waje, ya zare sandar, ya zura sukuddireba mai faɗin baki a ramin ya murɗa. Ya juya dama, ya juya hagu, ba abin da ya kama. Ƙarfen mai tsaga ya rabe biyu, sabon sifirin kuwa, nasa na kansa da ya zaɓa don ƙarfinsa, ya danne harshe cikin firam yadda ya kamata. Ta gefensa ko gani ba ya yi, don katakon da ƙofa ke jingina da shi ya rufe tsagar. Hinjin da ƙofar ke rataye a kansu kuma suna ciki. Jam'i ya wuce shi, ya shimfiɗa darduma a nan lungun ya yi sallarsa, rabin hankalinsa yana kan ƙarfe.

Yana sallamewa ya ji gidan ya yi shiru irin wanda bai saba ba. Yaran da ke ƙwallo a layi sun watse, tukunya ta daina tafasa, hasken lungun ya koma ruwan toka.

"Baba." Muryarta ta rage tsayi. "Ɗakin ya yi sanyi."

"Ki yafa mayafi. Ina zuwa."

"Baba, ƙwan fitilar yana rage haske." Sai ta ce a hankali, bakinta dab da ramin sandar, "Kamar akwai mai numfashi a bayana."

"Numfashinki ne, Auta. Ki yi addu'a, ki bar tsorata kanki."

Ba ta amsa ba. Ya kira ta, ya sake kira, shiru. A lokacin ne tsakuwa ta farko ta faɗo a kan kwanon rufi, ta gangaro tana ƙara har ta faɗi tsakar gida. Wata ta biyo, sai wata. Maman Auta ta fita ta duba saman katanga ba ta ga kowa ba, ta dawo tana salati. Jifan ba na ƙarfi ba ne, ba kuma na saiti ba, irin na ƙaramin yaro ne da ya yi fushi ya rasa wanda zai daka. Notunan da ya tara a murfin gwangwani suka fara mirginowa ɗaya bayan ɗaya, ba iska, suka taru a gindin ƙofar. Ya ji wani sanyi ya gifta idon sawunsa, kamar kyanwa ta goge shi ta wuce, alhali ba su da kyanwa.

Sai aka fara girgiza hannun ciki. Girgiza ce ta ƙarfin da bai san 'yarsa da shi ba, sama da ƙasa, sama da ƙasa, har firam yana motsi, har ya ji notunan ciki sun tsinke, ƙarfen ya faɗi a siminti. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron da ya mantar da shi duk wata dabara. Ya ja da baya iya faɗin lungun, ya kai wa ƙofar kafaɗa.

Ƙofar ba ta motsa ba. Amma a ƙasa, daidai ƙafafunsa, wani abu ya tsala kuka siriri, kukan jariri da aka matse.

Daga ciki wata murya ta taso, a maƙogwaron Auta amma ba tata ba, muryar tsohuwa, a dishe, a hankali.

"Ka taka mini ɗa."

Sai gum, wani abu mai nauyi ya bugi katakon daga ciki, daidai tsayin kan mutum. Auta ta yi ɗan nishi da muryarta ta gaskiya.

"Wannan kan taka ne," in ji muryar. "Ka sake dukan ƙofar nan, ka ji yadda yake ƙara. Abin da ka yi wa nawa shi zan yi wa taka."

Maman Auta ta zagaya da gudu ta bayan gida ta leƙa taga. Da ta dawo leɓunanta sun bushe. Ta ce yarinyar tana tsaye, goshinta a manne da ƙofa, hannayenta a sake, ta ƙwanƙwasa gilashi ta kira sunanta ko waiwaye ba ta yi ba. Ba ta tsaya neman shawararsa ba, ta zari mayafi ta fita neman Alaramma, tsohon malamin nan mai ruƙiyya da ke bayan kasuwa.

Aka bar shi shi kaɗai a lungun, bango a dama, bango a hagu, ƙofa a gaba. Ya buɗe akwatinsa yana duban kayan da ya yi tinƙaho da su duk rayuwarsa. Guduma, duka take so. Kurfi, sai an buga shi kafin ya ɓamɓare katakon jingina. Zarto zai girgiza ƙofar da goshin 'yarsa ke manne da ita. Ƙarafan taga kuwa shi da kansa ya sa aka ƙara musu walda da suka tare, yana alfahari ko ɓera ba zai wuce ba. Ko ta ina ya juyo da lissafin sai ya dawo kan duka, duka kuwa a kan Auta zai sauka. Ya zauna a ƙasa nesa kaɗan da gindin ƙofar, ya tattare ƙafafunsa don kada ya sake taka abin da ba ya gani. Yana jin numfashin 'yarsa ta ramin sandar, tsakaninsu bai fi kaurin katako ba, kuma bai isa ya taɓa ta ba. Ya ji kamar shi aka rufe.

Ana idar da isha'i suka shigo. Alaramma ɗan ƙaramin tsoho ne mai tari, tabarau a kan hanci, ba ya sauri ko gobara ake yi. Ya tsaya bakin lungun ya saurari tsakuwoyin da ke sauka jefi-jefi, ya ce a ba shi kujera 'yar tsugunno. Ya sa Baban Auta ya faɗa masa abin da ya faru daki-daki, bai katse shi ba sai a wuri ɗaya.

"Da ka ja ƙofar, me ka ce?"

"Bisimilla na yi, Malam."

"Ita kuma tagar, wa ke rufe ta da yamma?"

"Auta ce," in ji uwar. "Da bisimilla take rufewa, haka na koya mata."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya zauna, ya gyara tabarau, ya fara karatu can ƙasa-ƙasa, murya ba hayaniya, ayoyi suna bin juna kamar ruwa a kwata. Jifan ya tsaya. Daga ciki aka fara gurnani, gurnanin ya zama nishi, nishin ya zama magana.

"Ya isa, tsoho. Ya isa. Kana ƙona ni."

"To yi magana, baiwar Allah. Wace ce ke, me ya kawo ki jikin 'yar mutane?"

"Ni ban zo wurin kowa ba. Hanyata ce nan tun ba a aza tubalin gidan nan ba. Da magariba nake wucewa, in shiga ta ƙofar nan in fita, ban taɓa ɗaukar musu ko allura ba. Waɗanda suka zauna kafin su sun gane, suka bar mini ita a sake. Yau na shigo, ɗana yana bina a baya, wancan mai ƙaiƙayin hannun ya ja ƙofa a tsakaninmu, ya ambaci Sunan da ba ma iya buɗe abin da aka rufe da shi."

"Ƙarƙashin ƙofar fa? Ga tsaga nan."

"Kai ma ka sani. Abin da aka rufe da Sunan nan ba shi da sama ba shi da ƙasa a wurinmu. Na ari hannun yarinyar in buɗe, ƙarfen ya ƙi."

Baban Auta ya dubi gindin ƙofar, inda notuna suka taru. Wani ɗan sauti yana fitowa daga wurin, sheshsheƙa ce ta yaron da ya gaji da kuka. Bai taɓa zaton zai ji tausayin abin da yake tsoro ba, sai ga shi ya ji.

"To kin ga buƙatarku ɗaya," in ji Alaramma. "Ki fita daga jikinta, a buɗe miki."

"A cire ƙofar gaba ɗaya. A bar mini ɗakin. Ita kuma yarinyar jininta ya yi mini daɗi, in riƙa leƙo ta lokaci-lokaci."

"Ciniki kike yi da kayan da ba naki ba. Ɗaki na masu gida ne, yarinya ta iyayenta ce. Hanya ma daga yau kin canza ta, ƙasar Allah da faɗi."

"To mu kwana a haka."

Tsohon ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Muryar ta yi ƙara, amma a ƙarƙashinta sai ga muryar Auta tana kiran uwarta, ga kuma siririn kukan nan a gindin ƙofa ya dawo sabo. Maman Auta ta toshe kunnuwa ta zame jikin bango. Baban Auta ya kama gefen rigar malamin.

"Malam, don Allah dakata. Su biyu ne ke shan wuyar."

Alaramma ya tsaya, ya dube shi ta saman tabarau. "Karatu zai iya fitar da ita daga jikin yarinya, amma ba zai ja ƙarfe baya ba. Wannan fanninka ne. Akwai hanyar buɗewa ba tare da duka ba?"

"Akwai guda ɗaya, daga ciki take. Ta can ana ganin harshen a tsagar da ke tsakanin ƙofa da firam. Da bakin wuƙa ake tura shi baya kaɗan-kaɗan. In na jawo ƙofar wajena zai saki, ta tura. In na danna ƙofar zai cije, ta sake gyara wuƙa. Sai mun haɗa hannu."

"Ka faɗa mini, ni zan yi da hannunta," in ji muryar.

"Hannunki ne ya tsinke ƙarfen ciki." Baban Auta ya ji mamakin kansa, yana magana da ita kamar mai kawo gyara. "Aikin nan ba na ƙarfi ba ne. Auta ta san nauyin hannuna, na san nata. Sai ita."

Da muryar ta dawo, dishewar tana nan amma faɗan ya fita daga cikinta.

"In na sake ta, ina tsirara a ɗaki rufe. Me zai hana tsohon nan ya ƙone ni ƙurmus?"

"Na yi miki alkawari da Wanda ya halicce ni ya halicce ki," in ji Alaramma, "ba zan karanta ko harafi ba har ki fita da ɗanki. Ke kuma ki rantse da Shi kin bar gidan nan da mutanensa har abada."

"Alkawarin ɗan Adam na sha ji. Ina son abin riƙewa." Ta yi numfashi. "Kai mai gyara, da me za ka jawo ƙofar, tunda ka cire hannunta?"

"Ta ƙasa zan zura yatsu."

"Ɗana yana nan wurin. Ka ba shi yatsanka ya riƙe. In kuka ci amana, hannun nan ba zai sake ɗaura noti ba."

Maman Auta ta dubi mijinta. Alaramma ma ya dube shi, bai ce yi ba, bai ce bari ba. Baban Auta ya kalli hannunsa na dama, wanda ya ci da shi, ya aurar da 'ya'ya da shi, wanda kuma ya ja ƙofar nan da shi ɗazu. Ya ce wa matarsa ta kawo wuƙar tebur, marar kaifi, mai siririn baki. Ya tura ta ƙarƙashin ƙofa. Sannan ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ya jingina goshi da katako, ya zura yatsunsa a tsagar ƙasa.

Nan take aka kama ɗan alinsa. Hannu ne ƙarami, yatsu sirara masu sanyin ƙarfen da ya kwana a waje, suka naɗe yatsan gaba ɗaya suka riƙe gam. Tsigar jikinsa ta tashi har ƙeya, amma bai janye ba.

"Na rantse," in ji muryar, ta faɗi rantsuwar cikakkiya yadda malamin ya karanta mata. Sai aka ji kamar an sauke buhu a ƙasa.

"Baba?" Muryar Auta ce, ƙarama, a ruɗe. "Baba, kaina yana ciwo. Akwai wata a lungun gado tana kallona."

"Kada ki kalle ta, Autata. Ni za ki saurara. Ga wuƙa nan a ƙafarki, ɗauka. Kin ga harshen a tsagar?"

"Na gani."

"Dasa bakin wuƙar a jikinsa, can kusa da firam. In na ce tura, ki tura shi wajen ƙofa. In na ce saki, ki ɗaga wuƙar ki koma baya."

Ya jawo ƙofar da yatsunsa. "Tura." Ya ji ƙarfe yana gogar ƙarfe. Ya danna da goshi. "Saki." Haka suka yi ta yi, ja da dannawa, harshen yana komawa da kaurin farce a kowane karo. Gumi yana zuba masa a ido ba hannun sharewa. Sun kusa rabi wuƙar ta zame a kan man da ya ɗiga ɗazu, sifirin ya mayar da harshen gaba ɗaya. Ƙas.

Ƙaramin hannun ya matse yatsansa har ƙashi ya amsa. Daga cikin ɗakin wani dogon numfashi ya taso wanda ba na Auta ba. Alaramma ya buɗe baki don sabo, ya tuna alkawari, ya rufe shi da tafin hannu.

"Baba, ta taso."

"Ba komai. Goge bakin wuƙar da mayafinki, mai ne." Ya sassauta murya, ya karkata kai ƙasa wajen yatsansa. "Kai ma yi haƙuri. Yanzu za a buɗe."

Bai san ko an fahimce shi ba, amma matsin ya ragu. Suka sake daga farko. Tura. Saki. Tura. Saki. Tsohon yana gefe yana ta danne tarinsa. Can ya ji nauyin ƙofar ya canza a goshinsa, ya danna a hankali, ta tafi ciki ba ƙara.

"Ku ba da hanya," in ji Alaramma, ya ɗauke kujerarsa ya manne da bango. Maman Auta ta yi haka ita ma.

Sanyi ya fito daga ɗakin, mai warin tokar da aka zuba wa ruwa, ya bi ta kan bayan Baban Auta yana durƙushe, ya kaɗa mayafin matarsa, ya tsaya a bakin falo. Daga can aka yi wani ɗan sauti da harshe, irin wanda uwa ke yi wa yaro in ta yi gaba ya tsaya wasa.

Amma ba a saki yatsan ba. Ya zaro hannunsa daga ƙarƙashin ƙofa, riƙon yana nan, har da ɗan nauyi yana lilo. Aka sake kiran daga falo, wannan karon da gajen haƙuri. Baban Auta ya dubi hannunsa da ba komai a jikinsa, ya yi magana yadda yake yi wa jikokinsa in sun maƙale masa a bakin ƙofa.

"Je ka mana. Ga ta can tana jiranka."

Yatsun suka saki ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya ɗan daɗe. Labulen falo ya ɗaga ya sauka, ƙwan fitilar ɗakin ya dawo da haskensa, can a layi wani ya tayar da babur, duniya ta koma yadda take. Sai a lokacin Alaramma ya saki tarinsa, sannan ya fara karatu a hankali yana zagaya ɗakin.

Auta tana tsaye da wuƙa a hannu, goshinta ya kumbura, idanunta nata ne. Uwarta ta rungume ta tana shafa ta ko'ina kamar mai ƙirga gaɓoɓi. Baban Auta yana nan durƙushe inda yake. Ita ce ta zame daga jikin uwarta ta durƙusa a gabansa. Ya ɗaga hannu zai taɓa kumburin, ta tare shi ta riƙe cikin nata biyu.

"Baba, yatsanka sanyi ƙalau."

"Naki da ɗumi," ya ce, sai kuka ya ƙwace masa.